Goro Uku a Bè-Kpota

Shekaru kaɗan da suka wuce na halarci wani taron masana harsuna a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. A daren da aka rufe taron, masu masaukinmu suka shirya abin da suke ɗauka babbar karramawa ce ga baƙo, wato zaman ɗanɗana wiski, barasar da ƙasarsu ta yi suna a kanta. Ni ba na sha, kuma na faɗa musu tun da wuri. Suka karɓa da mutunci, aka ajiye mini ruwan lemo a ƙarshen teburi. Da na so da na koma masauki na kwanta, amma sana'ata sauraron magana ce, kuma na lura cewa rabin abin da za a yi a ɗakin nan magana ce, saboda haka na zauna.

Aka jera wa kowa ƙananan kofunan gilashi biyar masu tsukakken baki. Dattijon da ya jagoranci zaman ya fara da bayanin yadda ake yin abin: a jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar da shi, a niƙa, a bar shi ya ruɓa, a tace shi ta hanyar tururi, sannan a zuba a gangunan katako. Dokarsu ba ta yarda a kira shi wiskin Sikotilan ba sai ya yi aƙalla shekara uku a cikin ganga, kuma a kowace shekara kimanin kashi biyu cikin ɗari na abin da ke ciki yana bin iska. Ya ce gwanayen da ke haɗa shi sun fi aiki da hanci a kan baki, sukan ɗiga masa ruwa, su sansana, su ajiye. Daga nan aka shiga kwatance. Wannan kamar zuma da tuffa. Wancan kamar busasshen inabi. Da aka zo kan na biyar, wanda aka yi a wani tsibiri da suke rubutawa Islay suna furtawa Aila, sai ɗakin ya kaure da surutu. A can ana busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya daɗe a danne, suna yankowa su shanya su ƙona. Wani ya ce kamar igiyar jirgin ruwa da aka shafa wa kwalta. Wata ta ce kamar ɗakin asibiti. Wani ya ce kamar tokar murhun da ruwa ya doka. Dattijon ya nuna mana wata taswira mai siffar da'ira, wadda masu binciken wiski suka fara tsarawa a 1979, an rarraba ƙamshi da ɗanɗano a jikinta gida-gida, domin ma'aikata su riƙa magana da kalmomi iri ɗaya.

Ko daga inda nake zaune, abin da ke tashi daga kofi na biyar ya iso hancina, kuma kalma guda ta faɗo mini a rai: ƙauri. Ban furta ta ba. Na ɗauke ta kalmar madafa, irin wadda mahaifiyata ke faɗa idan tuwo ya kama a gindin tukunya.

Wata abokiyar aiki da ke kusa da ni ta juyo ta tambaye ni, cikin son sani na gaskiya, ko mu ma a Hausa muna da irin wannan al'ada ta zama a kwatanta ɗanɗano, da kalmomin da ake yin ta da su. Hankalina ya tafi kan giya, na ce mata a'a, ba mu da ita. Ta gyaɗa kai, aka ci gaba da hira. Sai da jirgi ya ɗaga da ni washegari amsar ta fara ci mini rai, domin a gidan da na tashi akwai mutumin da ya yi shekara hamsin yana cin abinci da hancinsa da harshensa, kuma ni da digirina na uku a kan harshen Hausa ban tuna da shi ba.

A unguwar Bè-Kpota ta birnin Lome aka haife ni. Iyayena 'yan tsohon Zangon Lome ne, wanda Hausawa fatake suka kafa tun ƙarshen ƙarni na 19, yana tsakiyar gari kusa da babbar kasuwa. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka mayar da mutanensa wani fili a arewacin birni, kimanin kilomita 15 daga inda suke, wurin da yanzu ake kira Agoè-Zongo. Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan fataken zangon, ya fito a 1983. Gidanmu yana cikin waɗanda ba su bi ayarin zuwa arewa ba. Yayan mahaifina, wanda muke kira Baba Alhaji, ya ce ba zai iya nisa da kasuwa ba, sai ya kama haya a Bè-Kpota, a kan tudun da ke bayan tafkin Bè, mahaifina ya bi shi. A zauren gidan nan na yi rarrafe a tsakanin huhunan goro.

Goro shi ya kawo kakanninmu wannan yanki. Itacen ba ya yi a ƙasar Hausa, sai a kurmi, amma Hausawa ne manyan masu cinsa da fataucinsa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 18 da na 19 ayari kan tashi daga Kano da jakuna, ƙarƙashin madugu da jagaba, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu da Jugu da Sansanin Mango, su yi watanni kafin su isa Salaga, inda goron Asante ke jiran su. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 da aka buga a Zariya. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka koma Kete-Krachi, wadda ta shiga hannun Jamusawan Togo. A can Imam Umaru ya zauna, ya yi aiki da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya kamata ɗalibin Hausa ya san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin ƙamusoshinmu a hanyar goro aka tattara shi, nesa da Kano da Sakkwato. Har Yarbawa ma irin goron da muke ci, mai ɓari biyu, suna kiran sa da sunan da ya samo asali daga Gwanja.

Abin da ya sa sana'ar ta haifi gwanayen ɗanɗano a fili yake. Goro kaya ne mai rai. Bayan an fasa kwanson an wanke ɓawon, sai a bar shi ya yi gumi na 'yan kwanaki, sannan a shimfiɗa ganyen fita a kwando a jera shi a rufe. Idan ya bushe ya mutu, idan ya jiƙe ya ruɓe. Dole a riƙa kwance huhu lokaci-lokaci, a tsince wanda ya ɓaci, a sauya ganye. Wanda ya sayi huhu goma ya zuba jarinsa ne a kan abin da ba ya ganin cikinsa, kuma bai da wani ma'auni sai 'yan ƙwayoyin da zai zaro ya fasa.

Hutun da ya biyo bayan tafiyar nan na sauka Lome da na'urar ɗaukar magana da littafin rubutu. Na tarar da Baba Alhaji ya tsufa ƙwarai. Haƙoransa sun zube, sai da magogi yake goge goro a tafin hannu kafin ya kai baki. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, har da labarin daren Edinbara, ina ɗan jin nauyin ambaton barasa a gabansa. Ya yi dariya har da tari.

"To, su ma Allah ya ba su hanci ke nan," in ji shi. "Kai kuma ka ce musu ba mu da komai."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ba ka yi kuskure ba, ɗana. Kai ɗin ba ka da shi. Gobe bayan la'asar ka zo, kada ka ci yaji da rana."

Washegari na same shi a zaure, ya sa an ɗebo ruwan randa a moɗa, ga faifai a gabansa an rufe da jiƙaƙƙen tsumman algarara. Ya yaye, sai ga goro uku. Na farko ja ne, matsakaici, irin wanda ake kira marsa. Na biyu fari ne, ƙarami, fatarsa ta ɗan dushe, ba shi da wani kwarjini. Na uku goriya ce babba, ja jawur, tana sheƙi, irin wadda ake ɗorawa a saman ƙwarya idan za a kai gaisuwa gidan surukai. Ya ce in zaɓi wanda zan saya da kuɗina ne. Na nuna goriyar. Bai ce komai ba, ya miƙo mini na farko.

Ya ce in kai shi kusa da kunne in ɓare. Na ɓare, ya rabu shiru, da ɗan danshi. Ya ce in sansana tsagin, in gutsura kaɗan, in tauna a hankali, kada in yi saurin haɗiyewa. Ya tambaye ni me na ji.

"Ɗaci," na ce.

"Ɗaci na maɗaci ne da shuwaka. Sake ji. Ina abin yake, a maƙogwaro ko a dasashi?"

Na tsaya na lura. Akwai ɗaci a can bayan harshe, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne yadda bakina duka ya ɗaure, dasashi da cikin kumatu suka bushe kamar an goge su da tsumma.

"Wannan shi ne bauri," in ji shi. "Irin na ɗanyar kanya da ɗanyar ayaba. Kana kuma jin yadda yake naɗewa a haƙori? Yauƙi ke nan. Akwai gafi a ƙarƙashi, na ɗanyen abu, kamar ka tauna ɗanyen wake. Sabon goro ne, bana aka sare shi, daga Gana ya shigo ta Aflao. Bai yi laifi ba, yaro ne."

Daga baya na karanta cewa masu binciken abinci ma sun raba waɗannan biyun. Ɗaci ɗanɗano ne da harshe ke kamawa, kuma a goro yana zuwa ne musamman daga sinadarin kafin, wanda ke hana barci, shi ne kuma ke cikin gahawa da shayi. Bauri kuwa taɓi ne: wasu sinadarai da ke cikin goron suna kama abin da ke sa miyau santsi, sai baki ya ji ya bushe ya ɗaure. Baba Alhaji bai taɓa shiga aji ba, amma da ya tambaye ni ko a maƙogwaro ne ko a dasashi, wannan rabon yake yi.

Ya sa na kurkure baki, muka ɗan jira, ya miƙo na biyu. Da na ɓare shi sai ya ce ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ƙamshinsa siriri ne, sai ka nema. A baki ya farfashe ba tare da ya naɗe ba. Baurin yana nan amma ya kwanta, ɗacin ya zo ya wuce, sannan wani abu ya biyo baya da na rasa sunansa.

"Garɗi," in ji Baba. "Kamar na soyayyar gyaɗa da aya, amma nasa ya fi kunya. Yanzu jira. Goro sai an ji bayansa."

Muka yi shiru kamar minti guda. Sai wani ɗan zaƙi ya taso daga gefen harshe, ba tare da na ƙara komai a baki ba. Ya miƙo mini moɗa, na kurɓa, ruwan randa ya zama kamar an jefa masa ƙwayar sukari. Na san wannan tun ina yaro, kowa a zango ya sani, amma ban taɓa tsayawa na bi shi daki-daki ba. Na tuna dattijon Edinbara yana ce wa mutanensa su jira abin da zai saura a baki bayan an haɗiye, yana cewa a nan ake gane wanda ya daɗe a ganga.

"Daushe ne," in ji Baba. "Ya kwana shekara a ganye. Ruwansa ya ragu, gafin ya fita, yauƙin ya mutu. Ni na riƙe shi da hannuna, duk bayan kwana goma sha ina buɗewa. A cikin ƙwarya guda, wato goro ɗari, ba duka ke kaiwa nan ba. Shi ya sa yake tsada, kuma shi ya sa wanda bai sani ba yake wuce shi ya ɗauki mai sheƙi."

Sannan ya ɗauki goriyar da na zaɓa. Bai ba ni ba. Ya juya ta a yatsunsa, ya kai hanci wajen gindinta, ya ja numfashi sau biyu, ya miƙo mini ya ce in sansana. Ban ji komai ba sai ƙamshin goro. Ya ce in sake. Na sake, ban ji ba. Ya sa farce ya ɓare ta. A ciki wata hanya ce baƙa-baƙa ta ratsa ɓarin, cike da gari kamar na katakon da gara ta ci.

"Sankara," in ji shi. "Tana da hamami kaɗan, kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ƙofar da ta shiga ƙarama ce, ido ba ya kamawa sai an dube ta da kyau. Hanci ke riga ido."

Sankara ƙwaro ne da ke yin ƙwai a jikin goro, tsutsarsa ta ci cikin ta bar fatar lafiya lau, kuma idan ta shiga huhu ba a tsince ba sai ta bi sauran. Ɗalibai za su gane cewa kalmar nan ce muke amfani da ita ga cutar daji a jikin mutum, kamar sankarar mama, kuma wanda ya taɓa ganin cikin irin wannan goriya ba zai nemi a yi masa bayanin dalili ba.

A nan ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekarar da aka rushe zango, hankali a tashe, ga haya ga iyali, ya je bakin iyaka ya sayi huhu uku daga hannun wani baƙon dillali. Goron ya yi kyau a ido, farashin ya yi sauƙi, mota na shirin tashi, bai tsaya ya fasa ko goma ba. Kafin wata guda fiye da rabi ya zama gari. Jarinsa duka ya tafi, har da kuɗin da wata gwaggonmu ta ba shi ajiya. Ya yi shekara biyu yana yi wa wani maigida tsintar goro kafin ya biya bashin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Ya ce a shekara biyun nan, yana zaune daga safe zuwa yamma yana rarrabe mai kyau da marar kyau, hancinsa ya buɗe.

"Hausawa sun ce gani ya kori ji," in ji shi. "Wanda ya faɗi haka bai taɓa sayen goro ba."

Wannan magana tasa ta kai ni ga abin da nake so ɗalibai su riƙe. A Hausa fi'ilin ji yana ɗaukar nauyi mai yawa: muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin ɗaci, muna jin sanyi, muna jin yunwa, muna jin Hausa. Gani ne kaɗai ya ware. Wani mai bincike, Ian Ritchie, ya yi rubutu a kan haka a 1991, yana nuna cewa Hausa ta raba hanyoyin fahimtar duniya gida biyu, gani da ji. Wanda ya tsaya a nan zai zaci harshen bai damu da bambance abin da hanci da baki ke kawowa ba. Amma bambancin yana cikin sunaye. Tun a 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa akwai wani rukunin sunaye a Hausa masu bayyana abin da jiki ke ji, kuma siffarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, su ƙare da dogon wasalin i. Paul Newman ya ware musu babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Ku furta waɗannan ku ji: zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, galmi, zartsi, ƙamshi, wari, ƙarni, ƙauri, zarni, yauƙi, santsi, taushi. Yawancin abin da Baba ya faɗa a zaure daga wannan gida ya fito. Daga cikinsu ake samun siffa, kamar zazzaƙa daga zaƙi da tsattsama daga tsami, da kuma fi'ili, kamar ƙarfafa daga ƙarfi da zafafa daga zafi. Idan kuma aka ninka kalmar sai ƙarfinta ya ragu: ɗaci-ɗaci bai kai ɗaci ba, haka zaƙi-zaƙi da bauri-bauri. Mai goro yana auna kayansa da wannan ninki kamar yadda mai awo ke aiki da rabin mudu.

Ku lura da bambancin da ke tsakanin wannan da abin da na ji a Edinbara. Can kusan kowace magana da kamar take farawa, ana jingina ƙamshi ga wani abu da aka sani: zuma, kwalta, asibiti. Mu ma muna yin haka, Baba da kansa ya kawo kanya da gyaɗa. Amma a gabansu ya fara sa suna, sunan da bai jingina da kowane abu ɗaya ba. Ƙarni na kifi ne, na jini ne, na ɗanyen nama da ƙwai ne. Ƙauri na tuwon da ya kama ne, na tsumman da ya ƙone ne, na gashin da wuta ta taɓa ne, kuma shi ne na kofi na biyar. Zartsi na ruwan rijiyar da ke kusa da teku ne, wanda duk ɗan Lome ya sani. A 2014 Asifa Majid da Niclas Burenhult sun gwada masu magana da harshen Jahai na ƙasar Maleshiya da masu Ingilishi, suka samu cewa Jahai suna sa wa ƙamshi suna cikin sauƙi kamar yadda suke sa wa launi, da kalmomi na musamman, yayin da masu Ingilishi ke ta laluben abin da za su kwatanta da shi. Ban ce Hausa ta kai Jahai ba, wannan sai an gwada. Abin da na ce shi ne muna da jari a wannan fage, kuma ni da kaina na raina shi saboda a madafa da kasuwa na fara jin sa.

Inda mutanen wiski suka fi mu shi ne sun rubuta nasu. Sun zana taswira, suna horar da sababbin ma'aikata da ita, suna ba su abu su sansana a faɗa musu sunansa har hanci da kalma su haɗu. Namu yana cikin ƙamus, gaskiya ne. Ƙamus na Bargery na 1934 yana cike da sunayen goro da na ɗanɗano. Amma ƙamus yana ba ka kalma ne da fassararta, ba ya sa maka goro a baki ya ce wannan shi ne. Kalmar ɗanɗano tana rayuwa ne idan mutum biyu sun ci abu ɗaya, babba ya faɗa wa ƙarami sunan abin da yake ji. Na yi zama shida da Baba a wannan hutu. Na cika shafuka da goriya da marsa da minu da farsa, da yabon da yake yi wa goron Labozhi na ƙasar Nufe, da yadda yake raba na Gana da na Anyama ta Kodebuwa da na Shagamu. Wasu abubuwan na kama su da bakina. Wasu suna nan a takarda kawai. Ya yi ta ƙoƙarin nuna mini galmi a wani farin goro, wani ɗan daɗi mai laushi da bai kai zaƙi ba, ina cewa na ji don kada in gajiyar da shi, alhali ban raba shi da garɗi ba.

Baba Alhaji ya rasu da daminar bara, Allah ya jiƙansa. A cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji faifan. Ɗaya yana haya da babur, ɗaya yana sayar da wayoyi a babbar kasuwa, kuma ban ga laifinsu ba, domin samarin zango yanzu sun fi son cingam da alawa, suna cewa goro yana ɓata haƙori. Goro bai bar mu ba. Har gobe ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a Bè-Kpota ba tare da shi ba, har gobe in an ce albishirinka za ka ce goro, a ce fari ko ja. Amma a wajen addu'ar bakwai ɗinsa na ga yadda aka raba shi a ƙulle cikin leda tare da alawa, mutane suna sawa a aljihu, ban ga wanda ya ɓare ya sansana ba.

Na rubuta wa abokiyar aikin nan wasiƙa na janye amsata, na aika mata da jerin kalmomin. Ta amsa da murna, ta tambaye ni yaya galmi yake. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Ga abin da nake roƙon duk ɗalibin da ya karanta wannan. Ku je wurin mai goro mafi tsufa a unguwarku, ko a Mariri ta Kano ne, ko Maraɗi, ko Agoè-Zongo. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku sayi goro uku mabambanta, ku roƙe shi ya ci tare da ku. Kada ku tambaye shi ma'anar kalma, ku tambaye shi me yake ji, ku rubuta yadda ya faɗa, sannan ku tauna har ku ji abin da yake nufi ko ku amsa cewa ba ku ji ba. Wanda ba ya cin goro ya yi haka da mai fura, ko mai kilishi, ko tsohuwar da ke haɗa turaren wuta. Ku rubuta garin da mutumin ya fito, domin abin da Bakano ke kira da wani suna, mai yiwuwa Ba'adare ko ɗan zangon Kumasi yana da wani.

Ni kuwa duk Juma'a bayan an sauko nakan tsaya wurin wani mai faifai a ƙofar masallaci in sayi biyu. Makon jiya na ɗauki wata goriya, na kai hanci wajen gindinta kamar yadda Baba ke yi, na ji kamar akwai hamami, na mayar masa na ce tana da sankara. Ya dube ni, ya sa farce ya ɓare ta a gabana. Fara tas, ba ko ɗigo. Na biya kuɗinta, muka raba, ya ci ɓari na ci ɓari.